A bar wa gidajenmu wurin girma

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin masu gine-gine a Jihar Kebbi kan yadda ake gina gidaje yanzu kamar iyalin da zai shiga ba zai taɓa ƙaruwa ko raguwa ba.

Gidan Bahaushe na gargajiya ba a gama gina shi rana ɗaya. Maigida kan fara da katanga da zaure da ɗaki ɗaya ko biyu, sannan idan ɗa ya yi aure a yanka masa sashe, idan tsohuwa ta dawo gaban 'ya'yanta a tayar mata da nata ɗakin, idan kuma ɗaki ya faɗi da damina a jiƙa ƙasarsa a sake buga tubali, a cire azarar da ba ta ruɓe ba a mayar da ita sabon rufi. Zauren ma yau makarantar allo ne, gobe wurin saƙa ko ɗinki.

Har manyan gine-gine sun bi wannan hanya. Tsohuwar fadar Argungu ta kasance mazaunin sarki har 1942, lokacin da aka koma sabuwar fada, kuma maimakon a bar ta ta zama kufai, sai aka buɗe ta a 1958 a matsayin Gidan Tarihi na Kanta, inda baƙin da ke zuwa bikin kamun kifi suke ganin kayan sarauta da makaman Kabawa.

Tun da Birnin Kebbi ya zama babban birnin jiha a 1991, gidajen bulo da siminti sun yawaita, kuma ba na ƙin su, domin sun hutar da mutane daga yaɓen kowace shekara. Abin da nake ƙi shi ne a cinye fuloti gaba ɗaya da gini, ba tsakar gida, ba inuwa, a kan harsashin da ba zai ɗauki bene ba. Bayan 'yan shekaru sai ka ga an toshe taga don a ƙara ɗaki, ko an fasa bango an fitar da shago kan magudanar ruwa.

Ina ganin ya kamata hukumar tsara birane, kafin ta amince da zanen gida, ta nemi mai shi ya nuna inda zai ƙara ɗaki nan gaba, injiniyoyi kuma su riƙa gaya wa masu gida kuɗin harsashi mai ɗaukar bene tun kafin a fara haƙa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Birnin Kebbi