Wasiƙa zuwa ga ɗana kan abin yankan tayil

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Saƙonka ya iso, na kuma ga hotunan ɗakunan. Na ji daɗi da ka ce da hannunka kake so ka shimfiɗa tayil ɗin. Sai dai tambayar da ka yi mini, wai wane inji za ka saya na yanka, ta yi gaggawa, tunda har yanzu ba ka gaya mini irin tayil ɗin da ka zaɓa ba. Tayil shi ke zaɓar abin yankansa. Ka fara sanin shi, ka ƙirga irin yankan da ɗakunan za su nema, sannan ka sa hannu a aljihu.

Duba jikin kwalin ka gani ko seramik ne ko fosilin. In ba a rubuta ba, juya guda ɗaya ka ɗiga masa ruwa a baya. In ya shanye nan da nan, seramik ne, kuma ba zai ba ka wahala ba. In ruwan ya tsaya kamar a kan gilashi, fosilin ne. Shi ana gasa shi a zafin da ya kai digiri 1,200 ko fiye, ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin 100 na nauyinsa ba. Taurin da ya sa yake daɗewa a ƙasa shi ne kuma ke cinye kayan yanka masu rauni. Idan kuwa dutse ne, mabul ko giranat, wannan ba a zana shi a karya, sai zarto.

Mafi yawan yankan da za ka yi miƙaƙƙe ne, na gefen bango, kuma a nan mayankin hannu ya ishe ka. Shi ne mai faffaɗan gindi da sandar ƙarfe a sama, da wata 'yar ƙaramar taya mai tauri da ke gudu a kan sandar. Ba ya cin tayil kamar zarto. Tsaga ɗaya yake ja a fuskarsa, sai ka danna hannun, tayil ya rabu a kan layin. Ba wuta, ba ƙura, ba ƙara, za ka iya ajiye shi kusa da gwiwarka a cikin ɗakin da kake aiki. Na fi son sa a kan duk sauran, kuma da shi na yi kusan duk aikin rayuwata.

Amma ka lura da tsawonsa. Ka ce kana sha'awar manyan nan masu santimita 60 kowane gefe. In a miƙe za ka jera su, mayanki mai ɗan fin 60 ya wadatar. In kuwa za ka karkata jerin, kusurwa ta fuskanci ƙofa, to daga kusurwa zuwa kusurwa tsawon ya kusa santimita 85, ƙaramin mayanki ba zai ɗauka ba. Kafin ka biya, kama sandar ka girgiza ta. In tana lanƙwasa ko hannun yana wasa, ajiye, domin a kan fosilin layinka zai kauce. Ka tambaya ko ana samun tayar ta canji, ka sayi guda ta ajiya tun ranar.

Sau ɗaya ake ja. Wannan shi ne abin da sabon hannu ke kasa yarda da shi. Zai ga kamar layin bai shiga ba, ya koma ya sake ja, ya sake, sai bakin ya farfashe, tayar ta dakushe. Ja ɗaya, da nauyi iri ɗaya daga farko har ƙarshe, kunnenka na jin sautin bai yanke ba. Ka ɓata tayil uku ko huɗu kana gwadawa kafin ka taɓa na gaske, hannunka zai gane. Saboda irin wannan da kuma fashewa, ka ƙara kashi 10 cikin 100 a kan abin da ka auna, kashi 15 in jerin karkatacce ne.

Akwai abin da mayankin hannu ba ya iyawa. Ba ya cire siririn yanki, abin da bai kai faɗin yatsa ba sai ya karye gunduwa-gunduwa. Ba ya kuma fitar da kusurwa daga jikin tayil, irin wadda ake bukata a gindin ƙofa ko jikin ginshiƙi, kuma na ƙirga irin wuraren nan guda biyar a hotunanka. Nan ne giranda ke shigowa, ƙaramin injin nan da masu walda ke yanka ƙarfe da shi, mai faifai na milimita 115. Injin ba shi ne abin dubawa ba kamar faifan. Kada ka sa na ƙarfe, kada ka sa na bulo mai gibi-gibi a baki, zai tsittsinke maka fuskar tayil. Nemi faifan daimon mai baki sumul, wanda aka rubuta cewa na fosilin ne. A jikin kowane faifai akwai iyakar gudun da yake ɗauka. Irin wannan inji na juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya, don haka lambar da ke kan faifan kada ta gaza ta injin.

Murfin da ke kan faifan kuma, ɗana, kada ka cire shi. Za ka ga masu cirewa don su ƙara ganin layi. Na taɓa tsayawa kusa da wani abokin aikina lokacin da faifai ya tarwatse a hannunsa ba murfi, kuma har yau tabon na nan a haɓarsa. Ka ɗaure tayil ɗin a kan katako, hannu biyu a kan inji, tabarau a ido, ka bar faifan ya ci da kansa ba tare da ka tura shi da ƙarfi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙurar. Tayil da dutse suna ɗauke da silika, kuma in ka yanka su a bushe, ƙurar da ke tashi tana da laushin da ido ba ya gani, ta wuce hanci ta zauna a huhu. Ba ta fita. Ita ke kawo cutar da likitoci ke kira silikosis, wadda ke taurara huhu kuma ba ta warkewa. A ƙuruciyata ba wanda ya gaya mana haka, tsumma muke ɗaurawa a hanci mu ci gaba da aiki, kuma ka san yadda numfashina yake yanzu in na hau bene. Ka yi yankan giranda a waje, iska na kaɗa ƙurar nesa da kai, da takunkumi mai lambar N95 ko FFP2 wanda ya kama fuska sosai. Yara su yi nisa, tagogi a rufe. Ragowar ƙurar a jiƙa ta kafin a kwashe, kada a share ta a bushe.

Saboda ƙurar ne nake ganin in fosilin ka ɗauka kuma gidan gaba ɗaya za ka yi, ka nemi zarton ruwa. Teburi ne mai faifan daimon da ruwa ke jiƙa shi yana juyawa, ruwan na sanyaya faifan yana kuma kwantar da ƙura. Bakin da yake fitarwa ya fi na kowa kyau, siririn yanki ma yana cirewa lafiya. Ba sai ka saya ba. Tara duk yankan masu wuya, ka yi musu alama, ka ɗauko shi haya na kwana ɗaya ko biyu. Tunda ruwa da lantarki ne a wuri guda, ka jona shi ta makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta zube, mahaɗar wayar kuma kada ta kwanta a jiƙaƙƙen wuri.

Na bututun banɗaki, ka sayi bakin huda mai daimon daidai da faɗin bututun, ka sa a injin huda, a hankali, kana ɗiga ruwa, kuma ka kashe bugun nan irin na guduma da injin ke yi. Filaya mai cizon tayil tana da amfani a ƙananan gyare-gyare kan seramik. Da ɗan dutsen goge baki, shi ke nan kayanka sun cika.

Kafin ka dama siminti, jera layi ɗaya a bushe daga tsakiyar ɗakin zuwa bango. In ka ga abin da zai rage a ƙarshe siriri ne, matsar da jerin da rabin tayil, sai gefen biyu su sami yanki mai faɗi wanda mayankin hannu zai iya. Ka bar ɗan sarari kamar milimita 6 tsakanin tayil da bango, sikatin, wato siririn tayil ɗin da ake liƙawa a gindin bango, zai rufe shi, ya kuma ɓoye bakin da ka yanka.

Turo mini hoton kwalin da awon kowane ɗaki, sai mu ƙirga yankan tare. Mahaifiyarka tana gaishe ku. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa a gama lafiya.

Mahaifinka