Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Malamai Mata Masu Koyar da Kimiyya

Assalamu alaikum. Hajiya Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa malamai, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar lafiya. Wannan rahoto daga ofishin sakatariya yake, kuma ayyuka kaɗai ya shafa. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, za ta kawo nata a takarda daban, saboda haka mai son jin inda kuɗin wata-wata ya shiga ta ɗan ƙara haƙuri.

Za ku tuna doguwar muhawarar da muka yi a babban taron bara. Matsalar da ta tara mu tana nan yadda take. Yarinya tana ƙoƙari a ƙaramar sakandare, da an zo aji ɗaya na babbar sakandare an ce kowa ya zaɓi ɓangare, sai ta sulale daga ajin kimiyya. In kin tambaye ta, ta ce fiziks na maza ne, ko ta ce lissafin ya fi ƙarfinta. Wadda ta daure ta zauna kuwa, burinta bai wuce likita ko nas ba. Muna bukatar su ƙwarai, amma kimiyya ba a asibiti ta tsaya ba. Shawarar da ta rinjaya a ranar ita ce mu gwada biyo wa yaran ta ƙofar sararin samaniya, mu ga ko za su leƙo.

Da ƙafar hagu muka fara, kuma ni na kawo shawarar, don haka na amsa laifina. Ranar 11 ga Fabrairu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa mata da 'yan mata a fagen kimiyya, muka cika zauren taro da hotunan 'yan sama jannati mata. Ga Valentina Tereshkova ta Tarayyar Sobiyat, mace ta farko da ta je sama a 1963, ta kewaya duniya sau 48. Ga Mae Jemison ta Amurka, mace baƙar fata ta farko da ta je, a 1992. Ga Rayyanah Barnawi ta Saudiyya da ta je tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a watan Mayun 2023. Yara suka yi tafi, suka sha lemo, suka watse. Da muka bi su aji bayan mako guda, sai muka tarar abin ya zauna musu kamar fim ɗin da aka kalla aka kashe talabijin. Ɗan abin da ya maƙale a kansu ba shi ne muka jaddada ba. Sun riƙe cewa Tereshkova ma'aikaciyar masaƙa ce kafin a ɗauke ta, sun riƙe cewa Jemison ta yi aikin likita a Saliyo da Laberiya, sun kuma riƙe cewa Christina Koch, wadda ta yi kwana 328 a sama a tafiya ɗaya, ta taɓa zaman karatu a Jami'ar Ghana da ke Legon. Wato duk abin da ya sauko da matan nan kusa da ƙasa, shi ya kama.

Wannan ne ya sa muka juya akalar shirin a zango na gaba. Muka ajiye hotuna, muka koma kan kayan da ke cikin gidajen yaran. Kowace malama ta shiga aji da wayarta. Kyamarar da ke bayan kusan kowace waya a yau, tushenta aikin da Eric Fossum da abokan aikinsa suka yi ne a cibiyar JPL ta NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, a Kaliforniya, cikin shekarun 1990, lokacin da ake neman kyamara ƙarama, marar cin wuta, da za a iya liƙa wa kumbo. Sola da ake kafawa a kan rufi ba don sama aka ƙirƙiro ta ba, a 1954 aka fito da ita a Amurka, amma tsadarta ta hana kowa saye, sai masu harba taurarin ɗan'adam ne suka fara zame mata kasuwa, tun daga Vanguard 1 a 1958. Sai kuma “turo min lokeshan” da ya zama ruwan dare: taurarin GPS ne da ke shawagi a nisan kilomita dubu 20 da ɗoriya suke ba waya labarin inda take, kuma cikin waɗanda suka yi lissafin siffar duniya da tsarin ya dogara a kai akwai wata baƙar fata masaniyar lissafi, Gladys West.

Darasin da ya fi kowanne armashi shi ne na farantin talabijin. Tambayar ɗaya ce muka ba su su tafi da ita gida: in da gaske tauraron ɗan'adam gudu yake yi a sama, me ya sa mai kafa faranti yake ɗaure shi da kusa sau ɗaya, ya tafi abinsa, kuma hoto bai ɓace ba? Amsar ita ce tauraron yana can saman layin da ya raba duniya arewa da kudu, a nisan kilomita 35,786, inda kewayensa ɗaya yake daidai da juyin duniya ɗaya, shi ya sa daga ƙasa yake kamar a kafe. Wata yarinya 'yar aji uku, wadda yayanta sana'arsa ke nan, ta dawo ta ba mu labari. Ta ce Yaya ya san inda zai karkata farantin ko idonsa a rufe, amma da ta tambaye shi dalili sai ya ce haka ogansa ya koya masa. Ta ɗauki tsinke ta zana masa duniya a tsakar gida, ta ɗora tsakuwa a matsayin tauraro, ta riƙa juyawa tana kewayawa har ya gane. Yanzu in zai fita aiki ranar Asabar a unguwa, ita ke riƙe masa na'urar duba sigina. Malamar ajinsu ta ce tun daga nan kujerar gaba take zama.

A nan zan tsaya in yi mana gyara. A ɗaya daga cikin makarantun, wata a cikinmu ta gaya wa yara cewa NASA ce ta ƙirƙiro kaskon suyar nan da abinci ba ya kamawa. Ba haka ba ne. Sinadarin Teflon da ake shafe kaskon da shi tun 1938 aka gano shi a kamfanin DuPont, ita kuwa NASA sai 1958 aka kafa ta. Mun koma ajin mun gyara maganar a gaban yaran. Don Allah duk abin da muka tsinta a WhatsApp mu tantance shi kafin ya hau allo.

Bayan haka muka shigo gida. Abin kunya, ko a cikinmu akwai waɗanda ba su san Najeriya tana da hukumar sararin samaniya, NASRDA, tun 1999 ba. An harba tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1, mai ɗaukar hoton ƙasa daga sama, a watan Satumban 2003 daga Rasha. NigComSat-1, na sadarwa, ya tashi daga Sin a 2007, ya mutu a 2008 saboda matsalar fikafikansa na sola. Da yara suka ji wannan sai aji ya kaure da dariya, wata daga baya ta ce ashe har a sama ana ɗauke mana wuta. An maye gurbinsa da NigComSat-1R a ƙarshen 2011, kuma a shekarar ce aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Najeriya da aka horar a Ingila suka haɗa. Don su ga amfanin irin wannan ido na sama, mun buga musu hotunan Tafkin Chadi, na shekarun 1960 lokacin da faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, da na shekarun 1980 bayan fari ya cinye kusan kashi 90 cikin ɗari. Dariya ta ɗauke. Akwai yaran da iyayensu daga can yankin suka taso, masunta da manoma, kuma su ne suka fi kowa tambaya a ranar.

A Makon Sararin Samaniya na Duniya, 4 zuwa 10 ga Oktoba, mun yi gasar rokar ruwa: gorar lemo ta roba, ruwa kashi ɗaya cikin uku, toshi, da famfon buga wa keke iska. Dokar Newton ta uku, wadda ta ce in abu ya tura wani shi ma za a tura shi baya da ƙarfi daidai, da suke haddacewa ba su san kanta ba, ranar sun gan ta da idonsu, wasu ma ta jiƙe musu hijabi sharkaf. Roka ɗaya ta sauka a kan kwanon ofishin shugaban makaranta, mun ba da haƙuri, ya karɓa.

Kallon taurari ne ya ba mu wahala, shi ne kuma ya fi koya mana. Karon farko mun sa shi tsakiyar hunturu, hazo ya rufe sama ruf, ko wata da ƙyar muka gani, na'urar hangen nesan da muka aro kuma ta sha ƙura. Ga shi yara ƙalilan ne suka zo, domin ba uban da zai bar 'yarsa ta fita da dare saboda takardar da makaranta ta aiko, kuma gaskiyarsa. Ɗaya daga cikin iyayen ƙungiya ce ta warware mana: a yi daga idar da magariba, a tashi da an kira isha'i, kuma a gayyaci uwaye su zo da kansu. Da hazo ya lafa muka sake. Filin ya cika. Wata kaka da ta rako jikarta, tun kafin mu gama kafa na'ura ta nuna mana Zara matar wata, ta nuna Kaza da 'ya'yanta, ta ce da su kakanninta suke gane shigowar lokuta. Muka ce mata Zara ba tauraro ba ce, duniya ce 'yar uwar tamu, kuma ita ce dai Gamzaki in ta koma fitowa da asuba. Ba ta yarda ba sam, har yau muna nan a kai. Amma da ta sa ido a na'urar ta ga ramukan da ke jikin wata, sai ta yi salati, ta ƙi matsawa, jikar tana ta jan zanenta tana cewa Kaka layi ake yi. Uwaye da dama a daren suka tambaye mu wane ɓangare yarinya za ta zaɓa in tana son irin wannan karatu. Shekara da shekaru muna neman wannan tambaya daga bakin iyaye a tarukan makaranta ba mu samu ba.

Abin da bai yiwu ba. Ziyarar hedikwatar NASRDA da ke hanyar filin jirgin sama a Abuja ta faɗi ruwa: kuɗin mota ya gagara, iyaye sun ji tsoron hanya, mu kuma ba mu aika takardar neman izini a kan lokaci ba. Makarantun ƙauye ko ɗaya ba mu taka ba, alhali can ne aka fi bukatarmu. A wata makarantar kuma mun tarar da ɗakin gwaje-gwaje a kulle, kaya na ciki suna tsatsa, mai makulli ya yi tafiya. Sannan ba mu ɗauki sunayen yaran da suka halarci darussan ba, wanda kuskure ne babba, domin da su za mu bi sawu mu ga ɓangaren da kowace ta zaɓa.

Kwamitin zartarwa yana kawo muku shawara cewa baɗi mu tattara ƙarfinmu a kan 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, tun kafin ranar zaɓen ɓangare, mu kuma haɗa da darasin lissafi na ranar Asabar, don roka tana jawo yarinya aji amma ba za ta ci mata WAEC ba. Maimakon Abuja, a duba cibiyoyin hukumar da ke Jos da Toro ta jihar Bauchi. Batun sayen na'urar hangen nesa tamu ta kanmu yana cikin ajandar yau, za a kaɗa ƙuri'a bayan rahoton ma'aji. Wadda muka aro za a mayar wa mai ita ranar Litinin, sai dai kusar da ke ɗaure ta a kan ƙafafunta ta ɓata tun daren kallon wata. Duk wadda ta tsince ta a jakarta ta miƙo min kafin a tashi.