Sanarwa: tatsuniyar kaza da shirwa

Salamu alaikum ƴan uwa na Garwa da Marwa. Daren Juma'a bayan isha'i akwai tatsuniya a gurup, ta kaza da shirwa. Wai kaza ce ta ari allurar shirwa, allura ta faɗi a ƙasa ta ɓace, shirwa tace toh ƴan tsakinki zan riƙa sura har ki kawo min abuna, shi yasa har yau kaza ke ta tono ba gajiya, da ta ga inuwa a sama kuma sai ta rufe ƴaƴanta da fiffike. Don Allah ku tambayi kakanninku, ku turo da murya, wallahi yaranmu basu san ta ba. Ko da Fulatanci ne a turo.