Godiya ga Ma'aikatan da Suka Hana Ni Sayen Tsirkiyar da Ba Ta Dace da Ni Ba

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wannan wasiƙa zuwa gare ku ce, ma'aikatan sashen kula da masu saye na kamfanin da nake sayen tsirkiyar jita a wajensa. Na riga na yi muku godiya a saƙonnin da ke tsakaninmu, amma raina bai kwanta ba, don godiyar da mutum biyu kaɗai suka ji ta yi kaɗan ga abin da kuka yi mini. Yabon gwani ya zama dole. Ina kuma so 'yan uwana makaɗan bes (jitar da ke ba da ƙasan amo) mai tsirkiya biyar su karanta, domin na san da yawansu na fama da abin da na yi fama da shi.

Na daɗe ina kaɗa bes mai tsirkiya huɗu kafin in koma mai biyar. Abin da ya ja ni shi ne waƙoƙin da muke yi, waɗanda sau da yawa sukan nemi amon da ya fi E ƙasa, wato ƙasa da amon tsirkiya mafi kauri a mai huɗu, kuma na gaji da sassauta tsirkiya a tsakiyar wasa. Ranar da sabuwar jitar ta zo hannuna na yi murna ƙwarai. Murnar ba ta kai mako ba. Tsirkiyoyi huɗu na sama lafiya lau, amma ta biyar, wato B, sai ka ce daga wata jitar aka aro ta. Idan na taɓa ta sai ta yi ta lilo, ta riƙa dukan ƙarafan wuya tana ƙara, kuma amon da ke fita daga lasifika gurnani ne kawai, kunne ba ya iya cewa ga sunansa. Na kai ga ina ɗora babban yatsana a kanta kawai, ina kaɗa sauran huɗun kamar dā.

Duk wanda na tambaya amsa ɗaya yake ba ni: ƙara kauri. Wadda ta zo da jitar 125 ce, don haka na shiga shafinku na zaɓi 145, mafi kauri da idona ya gani, na biya, na zauna jira.

Maimakon kaya sai saƙo ya zo. Wata ma'aikaciyarku ce ta rubuto, cikin ladabi, cewa ta ga na sayi 145 guda ɗaya tak, kuma kafin a naɗe kayan tana so ta yi mini 'yan tambayoyi, in ban damu ba. Inci nawa ne tsawon jitar daga matashin sama, inda tsirkiyoyi ke kwanciya a ƙarshen wuya, zuwa jaki, inda gindinsu ke maƙalewa a jikin jitar? A B nake ɗaure tsirkiyar ko ina sauke ta zuwa A? Ta cikin jikin jitar ake zura tsirkiya ko a kan jakin take maƙalewa? Da yatsu nake kaɗawa ko da 'yar roba? Sauran huɗun kuma nawa ne kaurinsu? Kuɗina na hannunku a lokacin, babu abin da zai hana ku turo abin da na nema ku wuce. Wannan tsayawar da kuka yi ita ce ta sa nake wannan rubutu.

Na ɗauko tef na auna, na tarar inci 34 ne. Na amsa sauran tambayoyin. Amsar da ta dawo mini doguwa ce, kuma har yau tana ajiye a wayata.

Ta fara da lambar kanta, wadda na shekara ina faɗa ba tare da na tsaya na san ma'anarta ba. Kaurin tsirkiya ne a ma'aunin ɗaya bisa dubu na inci, don haka 130 na nufin inci 0.130, kimanin milimita 3.3, ita kuwa 145 ta doshi milimita 3.7. A ido bambancin kaɗan ne, amma ramin da aka sassaƙa wa tsirkiya a matashin sama da ƙofar da take bi a jaki duk da gwargwado aka yi su. Ta ce akwai yiwuwar 145 ta ƙi shiga ƙofar jakina sam, kuma ko ta shiga, ba za ta kwanta a ramin matashi ba sai an faɗaɗa shi, ramin da aka faɗaɗa kuwa ba ya komawa yadda yake. Idan aka matsa mata da ƙarfi ma matashin kan iya tsagewa.

Daga nan ta shiga abin da ya fi buɗe mini ido. Ƙarfin jan tsirkiya abu uku ne ke yanke shi: nauyinta, tsawonta, da amon da aka ɗaure ta a kai. E ta bes tana girgiza kimanin sau 41 a daƙiƙa, B kuwa sau 31 kacal. Tunda tsawonsu ɗaya, hanya ɗaya ta rage a sa B ta yi ƙasa haka ba tare da ta saki ba, wato a ƙara mata nauyi. A nan masu cewa a ƙara kauri suke da gaskiya. Sai dai ta turo mini jadawalin ƙarfin ja, ta ce in duba da kaina. A jerin da aka saba sayarwa, 45, 65, 80, 100 da 130, tsirkiyar D ce ta fi kowacce tsauri, tana jan kusan kilo 23, ita kuwa B ba ta wuce kilo 16 ba. Ashe yatsana yana tashi ne daga tsirkiya mai tsauri ya faɗa kan mai laushi, da ƙarfi iri ɗaya, shi ya sa B take dukan ƙarfe. Rabin matsalar ba a jikin B take ba ma, tana cikin tazarar da ke tsakaninta da 'yan uwanta.

Sai kuma ta faɗi abin da babu wanda ya taɓa gaya mini, cewa kauri yana da nasa farashin a sauti. Tsirkiya idan ta yi kauri sosai takan yi tauri kamar sanda, ta daina lanƙwasa yadda ya kamata a kan sirdi, wato ɗan ƙarfen da take hawa a jaki. Ƙananan amo da ke tafiya tare da babban amon sai su ɗan haura sama da inda ya kamata su tsaya, kunne ya ji sautin a gurɓace, musamman idan ka hau wuya ka wuce gaɓa ta bakwai cikin ƙarafan wuyan. Ta ce 145 tana da masu ita, su ne waɗanda ke sauke tsirkiyar zuwa A ko ƙasa da haka, domin sauke ta da gaɓa biyu kawai yakan zubar da kusan kashi 20 cikin ɗari na ƙarfin ja, dole a cike giɓin da nauyi. Ni da nake tsayawa a B, zan magance lilo ne in sayo wa kaina dushewar amo.

A nan na yi mata tambayar da ta daɗe tana cina: ko kuskure na yi da ban sayi mai inci 35 ba? Ta ce ƙarin inci ɗaya yana ƙara ƙarfin ja da kimanin kashi 6 cikin ɗari, abin a yaba ne, amma ba shi ke raba jita mai kyau da marar kyau ba. Ƙarfin wuya da yadda aka haɗa shi da jiki suna da nasu rabon. Wannan amsar ta sanyaya mini zuciya, don na fara tunanin sayar da jitar da asara.

Bayan maganar tamu na koma na karanta tarihin abin, na kuma fahimci dalilin da ya sa wannan tsirkiya ke ba kowa wuya. Tsawon inci 34 mai ƙera jita Leo Fender ne ya tsayar da shi a 1951 a kan bes ɗinsa mai suna Precision Bass, kuma don E aka auna shi. Ko da kamfanin Fender ya fitar da bes mai tsirkiya biyar a 1965, sama ya ƙara, wato C, bai yi ƙasa ba. Sai a shekarun 1970 makaɗa irin su Anthony Jackson suka matsa wa masu ƙira su sauko zuwa B. B baƙuwa ce ke nan a ɗakin da aka gina da awon wani, shi ya sa wasu masu ƙira irin su Dingwall suke karkata gaɓoɓin wuya don B ta samu inci 37 ita kaɗai. Wanda ya san wannan zai daina zargin hannunsa, ya kuma daina zargin jitarsa.

Shawarar da kuka yanke mini ita ce in gwada biyu, 130 da 135, dukansu masu siririn gindi, wato waɗanda naɗinsu ke raguwa daidai inda suke hawa sirdi, don su lanƙwasa da kyau su kuma shiga ƙofar jaki ba gardama. Sauran huɗun kuka ce 45, 60, 80 da 105: an ɗan rage D, an ɗan ƙara E, tazarar tsauri ta ragu daga ɓangarorin biyu. Da yake da yatsu nake kaɗawa kuma ina son amo mai fita sarai, kuka zaɓa mini masu zuciya (wayar ciki da ake yi wa naɗi) mai kusurwa shida, waɗanda suka fi masu zagayayyar zuciya ɗan tsauri a hannu ko da lambarsu ɗaya. Har tsawon naɗi kuka duba mini, kuka tabbatar ɓangaren mai kauri ba zai kai ga kunnen ɗauri ya naɗu a kansa ba, don a nan tsirkiyoyi masu kauri suke yawan karyewa. Kuka soke 145 ɗin ba tare da wani ja-in-ja ba.

Kaya suka iso, na ɗaura 135. Ta fi ta dā nesa ba kusa ba, amma gaskiya ban gamsu ba, don har yanzu akwai 'yar ƙara, kuma a gaɓa ta goma sha biyu amon yana ɗan hawa. Na yi jinkirin sake rubuto muku, ina ganin ciniki ya riga ya ƙare. Da na rubuta, wani ma'aikaci daban ne ya amsa, kuma a bayyane yake ya karanta duk abin da muka tattauna a baya, bai sa ni maimaita komai ba. Wannan ma abin yabo ne, ku gaya wa wanda ya tsara aikinku haka.

Ya ce in sa yatsa in danna tsirkiyar sosai a gaban sirdi da kuma bayan matashi, domin mai kauri ba ta lanƙwasa da kanta a kan waɗannan wurare sai an taimaka mata, kuma muddin tana yin baka a wurin, ba ta san daga ina tsawonta ya fara ba. Ya ce siririn gindi yana sa jikin tsirkiya ya sauko kusa da wuya, don haka in ɗaga sirdin B kaɗan, sannan in ja shi baya har amon gaɓa ta goma sha biyu ya yi daidai. Ya tambaye ni ko na murɗa tsirkiyar lokacin ɗauri. Na sassauta ta, na bar gindinta ya juya ya huta, na sake ɗaurewa. Ya ce in sauke maganaɗisun ɗaukar sauti ta ɓangaren B, don idan ya matso kusa yakan ja tsirkiyar ya hana ta girgiza yadda take so. Game da sandar ƙarfen da ke cikin wuya da ramin matashi kuwa, ya faɗa mini kai tsaye cewa in ban taɓa yi ba in kai wa mai gyara, kada in koya a kan jitar da nake aiki da ita. Na bi maganarsa, mai gyara ya ɗan goge ramin ya daidaita wuyan cikin ɗan lokaci.

Abu na ƙarshe da ya faɗa ya shafi na'urar ƙara sauti. Ni a dā, da na ji B ba ta fita, sai in ƙara murɗa ƙasan sauti, abin ya ƙara cakuɗewa. Ya bayyana mini cewa lasifikoki da yawa ba sa iya fitar da girgiza 31 a daƙiƙa da ƙarfi, abin da kunne ke kamawa ya gane B shi ne amon da ke ninkinta, 62 da abin da ya yi sama. Na rage ƙasan, na ɗaga tsakiya kaɗan, na matsar da hannuna kusa da jaki na sassauta bugu. A karo na farko tun da na sayi jitar, na kaɗa B, C, D a jere na ji kowanne da sunansa. A atisayen da ya biyo baya mai ganga ne ya fara juyowa ya dube ni, tun ban ce masa na canza komai ba.

Daga baya na gwada 130 ɗin ma, don in yi wa kaina adalci. Ta fi daɗi a saman wuya, amonta ya fi tsabta a can, amma hannuna yana da ɗan nauyi, kuma 135 ce ta jure shi. Wani mai hannu marar nauyi zai iya zaɓar akasin haka kuma ya yi daidai. Da ba ku sayar da tsirkiya ɗaiɗai ba, da sai na sayi jeri biyu cikakku kafin in gano wannan, kuma na san da ban yi ba.

Roƙona gare ku biyu ne. Ku ci gaba da sayar da B ita kaɗai a kauri daban-daban, kada ku ce sai jeri. Sannan jadawalin ƙarfin ja da kuka turo mini, ku sa shi a fili kusa da kowane jeri, domin ba kowa ne zai yi sa'ar samun saƙon da na samu ba. Ku miƙa gaisuwata ta musamman ga ma'aikaciyar da ta tsayar da kayana ta yi mini tambaya, da ma'aikacin da ya bi ni har sautin ya gyaru. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa kasuwarku albarka.

Wani ɗalibina ya sayi mai tsirkiya biyar kwanan nan, inci 35, kuma yana so ya sauke ta zuwa A. Na ce ya auna komai ya rubuta kafin ya tuntuɓe ku, saƙonsa na nan tafe.

Naku,
Wani makaɗin bes mai godiya