Sanarwa ga ƴan rukuni kan abinda ya faru jiya

Assalamu alaikum ƴan uwa, na ga tun daren jiya mutum huɗu sun fita daga rukunin nan, wallahi ban ga laifinsu ba don nima raina a ɓace yake. Ɗan takarar nan namu mu muka zagaya masa unguwannin Yelwa da Rumde Ajiya gida gida, da man mashin namu, cikin zafin ranar Garwa, sai ga shi ranar fidda gwani ya loda mana yara a babur suna ihu a ƙofar taro, da idona na ga ana miƙa ma wakilai jaka bibbiyu a ambulan, kuma da wani dattijo ya miƙe zai yi magana aka fizge makirfo a hannunsa har hularsa ta faɗi ƙasa, shi kuwa ɗan takarar yana zaune ko ya ɗago kai. Tsohon nan fa sa'an babansa ne.

Baba Alhaji da Hajiya kuyi haƙuri nasan kun ce a rufa, amma ni na janye.

Abinda nake roƙo kawai kar wanda ya yaga katin zaɓensa, kunsan kansiloli muke zaɓa su kuma su zaɓi magajin gari, shekara 5 cur. Ƙannenmu da suka cika shekara 20 kuje hukumar zaɓe ELECAM kuyi rajista, ƙarshen watan Agusta ake rufewa. Ban da zagi a nan don Allah. Mu haɗu Asabar bayan la'asar inda muka saba.