Amsa ga Malam: Ni ba dillaliyar yara ba ce

Assalamu alaikum, Malam.

Na ga tambayar da ka yi mini a Facebook bayan na sanar cewa na rubuta wa sanatocin jiharmu da ɗan majalisar wakilanmu a nan Amurka, ina roƙon su tsaya wa marayun China da aka riga aka haɗa da iyalan Amurka kafin a dakatar da shirin ba baƙi riƙon yaran ƙasar. Ka ce me ya haɗa Musulma Bahaushiya da neman a miƙa 'ya'yan mutane ga Turawa, kuma nawa aka biya ni wannan dillanci. Kana da lambata, amma ka zaɓi inda jama'a za su taru su yi maka tafi. To, a nan zan ba ka amsa.

Kalmar dillanci ita ta fi yi mini ciwo. Babu wanda ya ba ni ko sisi. Ka san mahaifina, ka ci tuwo a zaurensa, ka ga marayun da aka riƙe a gidanmu har aka aurar da su ba a taɓa nuna musu bambanci ba. Wanda ya san wannan bai kamata bakinsa ya iya furta abin da ka furta ba.

Ga abin da ya faru, tunda da alama ba ka karanta wasiƙar ba. Ranar 5 ga Satumba 2024, kakakin ma'aikatar harkokin wajen China, Mao Ning, ta sanar cewa ƙasarta ta daina ba baƙi riƙon yara, sai dai dangi na jini ko agola. Tun 1992 yara sama da 160,000 suka fita ta wannan hanya, kusan rabinsu zuwa Amurka. China ta ga dama ta rufe ƙofarta, kuma ban ce a tilasta mata buɗewa ba. Maganata a kan yara kusan 300 ce da hukumomin China da kansu suka riga suka haɗa da iyalai, da yawansu tun kafin annobar korona ta hana tafiya a 2020. Mafi yawansu masu lalura ne ko rashin lafiyar da ke bukatar asibiti. An nuna musu hoton gida, an ce ga mamanka, ga babanka, suna zuwa. Shekaru sun wuce suna jira a gidan marayu, sai aka ce an fasa. Ka tsaya ka auna wannan a kan ɗanka na cikinka, Malam.

Kuma an sha ganin irinsa. A Disamba 2012 Rasha ta haramta wa Amurkawa riƙon yaranta don ramuwar gayya ta siyasa, yara da dama da suka riga suka gana da iyalan suka maƙale. A Satumba 2013 Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta hana takardar fita ga yaran da baƙi suka ɗauki riƙonsu, yaran da kotu ta gama shari'arsu suka yi sama da shekara biyu suna zaune. Duk lokacin da gwamnatoci suka yi faɗa, yaro ne yake biya. Shi ya sa na goyi bayan 'yan majalisa sama da 100 na jam'iyyu biyu da suka rubuta wa Shugaba Biden a 2024, kuma shi ya sa nake so kada su yi shiru har a kammala takardun riƙon waɗannan yaran na China.

Ka kawo misalin Faransawan da aka kama a Abeche ta Chadi a 2007 da yara 103, da yaran Kano da aka sace aka gano a Onitsha a 2019. Wannan sata ce, kuma na la'ance ta kafin ka tuna da ita. Batun addini kuwa, Suratul Ahzab ta hana canza wa yaro nasaba, ba ta hana a ciyar da shi a yi masa magani ba.

Abin da ya dame ni da irinku shi ne kishin yaro ba ya tashi sai an ambaci Bature. A 2020, da gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a manyan motoci ana mayar da su jihohinsu, wasu ɗauke da cuta, na duba shafinka ban ga ko layi ɗaya ba.

Wasiƙar da na aika wa 'yan majalisa tana nan a shafina. Ka karanta ta. In ka sami inda na nemi a raba yaro da iyayensa, ka nuna wa duniya. In ba ka samu ba, ka janye kalmarka a wurin da ka faɗe ta.

Wassalam.