A bar wa masu binciken iri ƙofa a buɗe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi tsokaci a kan dokar kare haƙƙin masu samar da sabon irin shuka, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2021. Na yi shekaru ina aikin malamin gona, don haka maganar iri ba baƙuwata ba ce.

Ba na adawa da dokar. Wanda ya kwashe shekara goma yana haɗa wannan iri da wancan, yana gwaji damina bayan damina, ya cancanci ya ci guminsa. Dokar ta ba shi shekara 20, itatuwa kuma 25. Abin da ke raina shi ne kada a rufe wa masu bincike ƙofa. Babu irin da ya faɗo daga sama. Kowane sabon wake jikan wani tsohon wake ne da wata tsohuwa ta adana a tulu da toka.

Tsarin UPOV na 1991, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta kare sabon irin shuka, wanda aka gina dokarmu a kansa, ya yarda mai bincike ya ɗauki irin da aka yi wa rajista ya fitar da wani daga jikinsa ba tare da neman izini ba. Amma akwai tarko: in aka ce sabon irin bai yi nisa da uwarsa ba, sai ka koma wurin mai shi. To, wa zai auna nisan? Kamfani mai lauyoyi ashirin, ko malamin cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya da ko man janareta bai ishe shi ba?

Mu duba abin da ya faru a Amurka. A 1999 aka bai wa wani mutumin Kolorado haƙƙin mallakar wani rawayan wake da ya sayo a Meziko, waken da manoman can suka gada tun kaka da kakanni. Sai da CIAT, wata cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, ta shigar da ƙara, aka yi ta ja-in-ja har 2008 kafin a soke shi.

A nan gida kuwa, waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Zariya ta fitar a 2019, mai jure tsutsar da ke cin fure da kwanson wake, ya samu ne domin kamfanin Monsanto ya bayar da ƙwayar halittar da ke ba shi wannan juriya ba tare da karɓar kuɗin haƙƙi ba, ta hannun AATF, gidauniyar fasahar noma ta Afirka. Alheri ne, na yarda, amma bincikenmu bai kamata ya rataya a kan alherin kamfani ba.

Ina kira ga Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa ta fayyace ma'aunin nisan sabon iri da uwarsa a rubuce, da Hausa ma, ta kuma yi wa irinmu na gado rajista kafin wani ya riga mu: gero, maiwa, dawa kaura da farafara.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Tsohon malamin gona, Zariya